Shafin da Ya Ce a Share

A gidanmu ba wanda ya taɓa gane aikin da nake yi a Ganhi, unguwar bankuna da ofisoshi ta Kwatano, kuma ban ga laifinsu ba. In maƙwabta suka tambayi Inna, sai ta ce, "Takarda take bugawa a biro." Da farko ina gyara mata, daga baya na gaji na bari.

Biron, wato ofishin, ɗaki biyu ne a saman wani shagon masu sayar da tayil, can bayan bankuna. Mu uku ne a ciki: mai wurin, wanda muke kira Patron, da babban ma'aikacinsa, wanda muke kira Shef, sai ni. Akwai wani tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta, wanda mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗa hannu su rubuta. Patron yakan ɗauko shi, ya rage nan ya ƙara can, ya sake shirya shi yadda zai dace da ƙananan wurare irin namu inda intanet ke zuwa yana tafiya: shagunan magani, lakwal, wato makarantu, masu zaman kansu, sito na kaya. Sai ya zuba shi a kwamfuta ya kai musu.

Kowace manhaja a cikin tsarin tana zuwa da shafinta na bayani. A cikin na'urar yake, ba a takarda ba. Ka rubuta kalmar man, ka rubuta sunan manhajar, sai shafin ya fito ya gaya maka abin da take yi da inda take ajiye fayil ɗinta. To matsalar ita ce waɗanda suka rubuta shafukan, inda abubuwa suke a nasu na'urorin suka rubuta. Mu kuwa Patron ya sauya wa abubuwa da yawa mazauni. Shafi zai ce abu kaza yana /usr/local/etc, a wurinmu kuwa yana /etc. Wanda ya bi shafin sai ya je ya tarar da wayam. Aikina shi ne in gyara waɗannan hanyoyin, shafi bayan shafi.

Na faɗi Bak, jarrabawar gama sakandare, da kaɗan, Baba kuma bai ga dalilin maimaitawa ba. Sai na yi kos na buga rubutu a unguwar Vêdoko, malamar da ta koya mana ce ta haɗa ni da Patron. Baba ya daɗe bai amince ba. Tsohon direban babbar mota ne, ya sha hanyar arewa har bayansa ya ƙi, kuma a ganinsa Ganhi wata ƙasa ce, ko da yake zem, babur ɗin haya, na kai mutum kafin shayinsa ya huce. Ranar da ya yarda, sai ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "ki je. Amma kada magariba ta same ki a waje, kuma kada in ji wata magana."

Na so aikin nan. Ban san yadda zan faɗa a gane ba. Sai in buɗe shafi, in bi shi layi-layi da ido har in ga hanya. In tafi cikin na'urar in duba ko abin yana can. In ba ya can, in neme shi har in gano inda Patron ya mai da shi, in dawo in rubuta gaskiya a shafin, da na Turanci da na Faransanci. Shi ke nan. Ba wanda zai yaba, ba wanda ma zai sani. Amma nakan tuna wani mutum a wani shago, wuta na shirin ɗaukewa, ya buɗe shafin nan, ya bi abin da na rubuta, ya samu abin da yake nema. Shafukan da suka rikita ni kuwa, inda ban tabbata ba, sai in ture su gefe har Shef ya samu sarari in tambaye shi. Shef ba ya samun sarari sosai.

Akwai wata ɗabi'a ta biron da ya kamata in faɗa. Duk gyaran da aka yi, na'urar tana ajiye sunan wanda ya yi shi da ranar. Amma kwamfuta ɗaya ce mai batir mai kyau, wadda ba ta mutuwa in an ɗauke wuta, kuma ranar da Patron ya shirya ta ni ce a zaune gabanta, sai ya sa sunana. Daga nan kowa da ita yake aiki. Shef ya tura ni gefe ya yi nasa, Patron ya sunkuyo ta kafaɗata ya yi nasa, duka da sunana. Har wasa ya zama. Shef yakan ce, da Faransanci, don ba ya jin Hausa sai gaisuwa, "Hajiya ƙarama, duk Kwatano ba mai aiki kamarki. Dubi, jiya ma da kina gida kin yi gyara." Mu yi dariya.

Alhaji kuma, shi ne mai motocin da Baba ya yi wa tuƙi shekara da shekaru. Yana da sito a bakin Zongo, unguwarmu, inda 'yan kasuwa ke kawo dilolin atamfa da takalma da kayan kanti, a loda musu zuwa Parakou da Malanville da gaba. Wata rana ya zo duba bayan Baba, na kawo masa ruwa na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi abin da nake yi. Baba ya ce kwamfuta. Alhaji ya ce ai ya daɗe yana so ya rabu da littattafan nan da ruwan sama ke jiƙawa, amma bai yarda da mutanen Ganhi ba.

"Tunda 'yarmu na wurin," in ji shi, "ai an gama."

Patron ya yi murna ƙwarai. Ya saya mini lemo mai sanyi, ya ce ni ce jakadiyar Zongo. Aka kai na'ura sito, aka koya wa sakataren Alhaji, wani dattijo mai tabarau da ya yi lakwal tun zamanin da, mai bin ƙa'ida kamar addini. Daga nan duk dilar da ta shigo, sunan mai ita da motar da za ta hau da garin da za ta sauka, cikin na'ura. Littattafan aka ɗaure su da igiya aka jefa saman kabad. Baba ya riƙa tafiya masallaci da wata irin tafiya da ban san shi da ita ba.

Ranar da abin ya faru ba ta bambanta da sauran ranaku ba. Za mu fitar da sabon zubi na tsarin, Patron na ta duba agogo, ni kuma shafukan nan da na ture gefe suna nan ba a taɓa ba. Na ce wa Shef, ya ce yana zuwa. Azahar ta yi, na sauka ƙasa inda matar mai tayil ke ba ni wuri in yi salla a bayan kwalaye. Da na hawo, na tarar da Shef a kujerata yana cin gyaɗa.

"Na gama miki," ya ce.

"Duka?"

"Duka. Layi ɗaya. Na ce wa na'ura duk inda ta ga /usr/local ta cire. Abin da kike yi wata da watanni kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Hajiya ƙarama, an ƙirƙiri kwamfuta ne don mutum ya huta."

"Amma Shef, wasu ba cirewa kawai suke so ba."

"Wanne?"

Ban san wanne ba. Da na sani ai da ban ture su gefe ba. Patron ya leƙo ya ce an gama? Shef ya ce an gama. Ya miƙe ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga wandonsa, ya ce in saya masa zoɓo ladan aikinsa. Na ce na gode. Na sauka na sayo masa zoɓon. Washegari aka zaga da sabon zubin aka saka wa duk masu na'urorinmu, har da siton Alhaji.

Aka yi azumi, aka yi salla, damina ta sauka. Titinmu ya zama tafki kamar kowace shekara.

Wata Asabar na'urar sito ta fara kuka cewa cikinta ya cika. Sakatare ya kira biro, ba kowa. Ya kira Shef, wayarsa a kashe. Ga motoci ana lodi, ga mutane a tsaye suna jiran rasit. Sai ya yi abin da aka koya masa: ya buɗe shafin bayanin manhajar. Shafin ya ce, da Faransanci mai kyau, in wuri ya cika, dosiyen, wato jakar fayil, da ke /var/ajiya tarkace ne kawai a ciki, a share shi ba fargaba. A wurin waɗanda suka rubuta manhajar, can ƙarƙashin /usr/local, gaskiya ne, tarkace ne. A wurinmu kuwa, a daidai wannan hanyar da ta rage bayan cirewar Shef, nan Patron ya ajiye ainihin bayanan. Dattijon nan ya gyara tabarau, ya kwafi umarnin harafi-harafi, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na'ura ta yi shiru na ɗan lokaci, ta daina kuka. Da ya koma neman sunan mai dila ta gaba, babu. Babu na jiya, babu na watan jiya. An ce musu su riƙa kwafe bayanan a kile, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, kowane mako, amma kwafin ƙarshe tun kafin azumi ne.

Duk wannan daga baya na ji. Abin da na sani shi ne Lahadi da hantsi ina wanki a tsakar gida, sai na ji babura suna tsayawa a ƙofa, ɗaya bayan ɗaya, ba sa ƙarewa. Sai muryoyi. Wani ya bugi ƙyauren ƙarfen nan da tafin hannu har kajin maƙwabciyarmu suka watse. Inna ta fito daga ɗaki da ludayi a hannu, ta dube ni, na dube ta.

A Zongo in abu ya ɓaci ba a zuwa biro. Ba wanda zai hau bene a Ganhi ya tsaya gaban tebur. Gidan wanda aka sani ake zuwa. Kuma ni aka sani.

Baba ya fita ya shimfiɗa tabarmi, ya sa aka aro benci. Can sai ya leƙo ya ce in sa mayafi in zo. Ban taɓa tsayawa gaban maza masu yawa haka ba. Ga Alhaji a kan kujera, ga sakatare a gefensa fuskarsa kamar wanda ya kwana a asibiti, ga 'yan kasuwa, wasu namu na nan, wasu 'yan Najeriya masu kaya a sito. Na durƙusa nesa kaɗan. Hannuna duk kumfar sabulu.

Wani dogo mai jar hula ya fara tun kafin a gama gaisuwa. "Wannan ce? Wannan 'yar ce ta cinye mana kaya da danne-danne?"

"Malam, a hankali," in ji Baba. "Gidana ne."

"Mun san gidanka ne, shi ya sa muka zo. Dilolina suna can cikin ɗaruruwa, duk buhu iri ɗaya, lamba ce kawai a jiki. Lambar wa? Ke, lambar wa?"

Alhaji ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. "'Yata, sakatare ya ce littafin cikin na'ura ne ya ce ya share. An ce ke ce mai rubuta littafin. Haka ne?"

Na ce, "Baba Alhaji, gyarawa nake yi. Ba ni kaɗai ba ce."

"Ke da wa?"

Na ce bari in kira Patron. Ya ɗauka, ana jin kiɗan coci a bayansa. Na gaya masa. Ya ce su zo biro ranar Litinin da takardar yarjejeniya. Na faɗa wa Alhaji.

"Ni ban san wani biro ba," ya ce. "Ban ba biro amana ba. Wannan gidan na ba."

Baba ya sunkuyar da kai. Mai jar hula ya miƙe ya matso har na ga ƙurar takalminsa, yana cewa a kira 'yan sanda, a tafi da ita, in ta kwana can za ta tuna inda ta kai sunayen. Wasu suka riƙe shi. Ban san lokacin da na fara kuka ba. Na ji Inna daga bayan ƙyaure tana ta salati. Da ƙyar aka tashi a kan gobe Baba da sakatare za su bi ni Ganhi.

Wannan ne zuwan Baba biron na farko. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau matakalar nan a hankali yana dafa bango saboda bayansa. Patron ya karɓe su da mutunci, ya ba su kujeru. Ya buɗe na'ura ya nemo shafin, ya nemo ranar da aka canza shi, ya buga a takarda. Ya ajiye ta a tebur gaban Baba. Baba ba ya karatun boko sosai, amma ya san sunana in ya gan shi. Ya sa yatsa a kai.

Na juya na ce, "Shef, kai ne ka zauna ranar. Da na je salla."

Shef bai musa ba, bai kuma amsa ba. Ya buɗe hannuwa. "Ina taimakon kowa a nan, ba zan tuna kowace rana ba. Shafuka dai aikin wa ne? In na taimaka, wa ya kamata ya duba bayana?"

"Patron, ai ka san kowa da sunana yake aiki."

"Madamazal, ba kotu muke ba," in ji Patron. Ya juya ga sakatare ya nuna masa wurin da yarjejeniya ta ce kwafin kowane mako a wuyan mai na'ura yake. Sakatare ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sannan Patron ya ce Shef zai je ya gwada ceto abin da zai cetu, kuma ba wanda za a kora. "Irin wannan na faruwa. Ta zo aiki gobe kamar kullum."

Baba ya tambaye ni me ya ce. Na fassara masa, har da cewa ban rasa aikina ba. Na ji wani sanyi a ƙirjina a lokacin, wallahi na ji. Baba ya ninke takardar nan ya sa a aljihu. Muna sauka na ce, "Baba, ba ni ba ce." Ya ce, "Na ji."

Shef ya je sito. Abin da ya dawo da shi guntaye ne, suna babu lamba, lamba babu gari, domin sakatare ya ci gaba da aiki a kan na'urar bayan sharewar, sabo ya hau kan tsoho. Sai da aka farke diloli ɗaya-ɗaya, kowa ya faɗi abin da ke cikin nasa, inda aka yi gardama a yi rantsuwa. Motocin da ke hanya aka riƙa bin direbobi a waya. Wasu kayan sun sauka a garin da ba nasu ba, wasu har yau ba a san inda suka shiga ba.

Da la'asar ɗin Litinin ɗin mutanen suka dawo ƙofar gidanmu. Wannan karon ba a kira ni ba, ina bayan ƙyaure tare da Inna. Na ji Baba ya ce ya je, ya gani da idonsa. Bai ce ni ce ba, bai ce ba ni ba ce. Ya ba da haƙuri, ya sake ba da haƙuri. Mutane suna jiran a ɗora wani abu a kan haƙurin. Baba ba shi da mota, ba shi da sito, ba shi da abin da zai mayar wa kowa da dilarsa. Abu ɗaya ne a hannunsa.

"Alhaji," ya ce, "ku shaida. Daga yau ba za ta ƙara taka wurin nan ba."

Na ji numfashin mutane ya sauka. Wani ya ce, "Malam ya yi abin da ya dace." Alhaji ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya rufa asiri. Aka shafa fatiha. Har mai jar hula na ji ya ce amin. Inna ta riƙe hannuna da ƙarfi don kada in fita.

Yanzu ina bin ƙanwar Inna rumfarta a kasuwa, ina ninke atamfa ina buɗewa. Patron ya kira sau ɗaya, Baba ya amsa ya ce an gode. Akwai wata mata daga unguwar Avotrou da kayanta suka ɓace a cikin abin nan, takan wuce ta gaban rumfarmu. Ba ta taɓa ce mini komai ba, ban ma tabbata ta san ni ba, amma in na hango ta sai in sunkuya kamar ina neman almakashi. Barci na zuwa, amma ba ya daɗewa. In wani ya ɗaga murya a layinmu, ko ciniki ne kawai, sai in waiga in ga ko ni ake nema.

Bayan babbar salla, da na ga ƙura ta lafa, Alhaji ma ya aiko mana da cinyar rago kamar kowace shekara, na samu Baba shi kaɗai yana jan carbi bayan hantsi. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na ce ba lallai wancan biron ba. Malamar Vêdoko ta ce akwai wani wuri, su ma suna neman mai irin aikina, kuma can kowa da sunansa yake aiki.

Baba ya daina jan carbin.

"Uwata, na san ba ke ba ce. Tun a kan matakala na sani."

"To Baba?"

"A gaban mutane na faɗa. Ba su ji wancan biro ko wannan biro ba. Abin da suka ji shi ne na zaunar da ke. Ranar da aka gan ki a kan zem da jaka kin nufi Ganhi, na zama wanda ya yi wa Alhaji wayo."

"Har yaushe?"

Ya dubi carbinsa. Ya ce in je, kada in sa ƙanwar Inna jira a kasuwa, rana na yi.